Daren Da Ƙasa Ta Girgiza Muna Cikin Mota Mai Ɗaki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in biya wani bashi. Wani malamin makaranta ya aiko mini da takarda, ya ce almajiransa sun tsare shi da tambaya game da girgizar ƙasa, shi kuwa abin da ya karanta cikin littafi kaɗai ya sani, yana so ya ji daga bakin wanda abin ya taɓa rutsawa da shi. To, Malam, ni ya rutsa da ni, a cikin wani irin masauki kuwa da ba na tsammanin ka taɓa kwana a cikinsa. Zan ba ka labarin yadda aka yi, har da inda na yi wauta, gama in na ɓoye wannan, labarin ba shi da sauran amfani.

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2016 na tafi ƙasar Niyu Zilan, can gaba da Ostireliya, in dubo ɗan ƙanwata wanda ke karatun aikin gona kusa da birnin Christchurch. Ƙasar manyan tsibirai biyu ce, na arewa da na kudu, shi yana na kudu. Da ya sami hutu sai ya ce bai kamata in yi wannan doguwar tafiya in koma ban ga komai ba sai bangon makaranta, don haka mu yi hayar mota mai ɗaki mu zaga.

Bari in kwatanta muku wannan mota, gama yawancinmu ba mu saba da ita ba. Daga waje kamar ƙaramar motar fasinja take, fara, mai tudun kai. In ka buɗe ƙofar gefe ka shiga sai ka ga ɗaki sosai. Ga benci biyu da tebur a tsakani, da dare a kwantar da teburin su haɗu su zama gado. Ga wani gadon a sama bisa kan direba, sai an taka tsani. Ga murhu mai aiki da tukunyar gas, ga ɗan firji, ga famfo mai jawo ruwa daga tanki a ƙarƙashin motar, har da makewayi wanda faɗinsa bai fi na akwatin tufafi ba. Kowace ƙofar kabad tana da maɓalli, sai an danna take buɗewa, don kada kwanuka su zube in ana tafiya. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Masu yawon buɗe ido suna hayar irinta ƙwarai a ƙasar, har an keɓe musu filaye inda mutum zai biya ya kwana, a jona wa motar wayar lantarki, ya cika tankinsa.

Ni dai ban so ba. Na ce wa yaron gidan da ba shi da tushe ai ba gida ba ne, kuma mutum mai shekaruna bai kamata ya riƙa yawo da ɗakinsa a baya kamar kunkuru ba. Ya ce, “Kawu, kuɗin masauki a ƙasar nan ya fi ƙarfinmu. Wannan kuwa ita ce motar, ita ce masaukin.” Da na ji zancen kuɗi sai na yi shiru.

Ran Lahadi 13 ga wata muka isa wani ɗan gari a bakin teku wai shi Kaikoura, mil 110 da 'yan kai arewa da Christchurch. Mutanensa wajen 2,000 ne, amma baƙi ba su yankewa, don daga nan ake shiga jirgin ruwa a je kallon manyan kifayen nan masu shayar da 'ya'yansu nono. Sunan garin daga harshen Maori ne, watau mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, ma'anarsa cin jatan lande, don akwai wani iri a tekunsu mai girma kamar damtsen mutum. Abin da ya kamata ku lura da shi game da garin shi ne mazauninsa. Duwatsu masu ƙanƙara a ka sun taho har sun kusa tsoma ƙafa cikin teku, babbar hanyar mota da hanyar jirgin ƙasa suna bi ta ɗan tsakanin nan kamar zare, wani wuri ma sai da aka huda musu dutse. Da muna wucewa na yaba kyan wurin. Ban yi tunanin cewa ƙofa mai ƙunci ba ta da wuyar rufewa ba.

A filin kwana yaron ya so mu tsaya can ciki wajen itatuwa, ni kuwa na ce sai gaba ɗaya bakin ruwa, ina so in kwana ina jin motsin teku, tun da yake ba mu da shi a gida. Ya bi ni. Sa'an nan ya shiga wata al'ada tasa wadda ta riƙa ba ni haushi tun da muka fito. Kowane dare sai ya cika tanki fal ko da bai yi rabi ba, ya rufe tukunyar gas daga bakinta, ya jera takalmanmu a ƙofa, ya rataya wata 'yar jaka mai tocila da gorar ruwa da fasfo ɗinmu. Na ce masa, “Yaro, zaman Turai ya koya maka tsoro.” Ya yi murmushi, ya ce haka ya ga mutanen Christchurch suna yi. Sai daga baya na gane dalili. Ran 22 ga Fabrairu 2011 ne, watau shekara biyar kawai kafin zuwana, girgizar ƙasa ta kashe musu mutum 185 da tsakar rana, har sa'ad da na je kuwa tsakiyar birnin cike yake da kangaye da filayen da aka kwashe gine-gine.

Daren nan tsakiyar watan Safar ne, farin wata tar kamar rana. Masana taurari sun ce tun 1948 wata bai matso kusa da duniya kamar a kwanakin ba. Muka sha shayi muka kwanta, ni a gadon ƙasa, shi a na sama.

Ƙarfe 12 da minti 2 na dare, watau Litinin 14 ga wata ta shigo ke nan, na ji wani ƙugi daga nesa kamar jirgin kaya ya taho a guje. Na kuwa ɗauka shi ne, don hanyar jirgi ba ta da nisa da mu. Sai motar ta ɗan yi girgiɗi. Na ce a raina waɗansu mashaya ne ke jijjiga ta, har na ɗaga kai zan yi musu tsawa. Kafin in buɗe baki sai na ji an ɗaga mu an maka da ƙasa.

Wanda ya taɓa shiga kwalekwale a tsakiyar kogi ana iska ya san rabin abin. Sauran rabin kuwa, ku tuna da mace tana bakace, ku ɗauka ku ne ƙwayar hatsi a cikin faifan. Mu yi gabas, mu yi yamma, mu yi sama, mu faɗo. Sifirin nan da aka yi wa mota don ta shanye ramukan hanya shi ya ƙara mana azaba, gama in ƙasa ta kaɗa sau ɗaya, motar sai ta ci gaba da lilo kafin na biyu ya zo ya tarar da ita. Na yunƙura zan tashi in fita, sai na ji muryar yaron daga sama, “Kawu, kada ka tashi! Rufe kanka da matashi, ka riƙe gado!” Na koma na kwanta ina ta salati. Butar shayi ta tashi daga kan murhu ta bugi ƙofa. Kabad guda ɗaya ya buɗe, wanda ni na ɗauki kofi a ciki ban danna maɓallinsa ba, kofuna suka zubo suka farfashe. Sauran duka suka riƙe kayansu. A waje kuwa ba ka jin komai sai kukan ƙarafa da ihun mutane, da wata irin rugugi daga wajen duwatsu wadda ba ta tsayawa.

An ce girgizar ta yi kamar minti biyu. Malam, ka sa almajiranka su zauna shiru, kai kuma ka dubi agogo har minti biyu su cika, sa'an nan za su san tsawonsu.

Da ta lafa, fitilun gari duk sun mutu, sai hasken wata. Yaron ya sauko, ya miƙo mini takalma kafin in sa ƙafa a ƙasa, gama ko'ina fasassun kofuna ne. Na duba jikina, ban da ƙullutu a goshi ba abin da ya same ni. Na dubi motar, tana nan a kan tayoyinta huɗu, ta dai zame daga kan weji. Sai na ji wani irin daɗi, na ce, “Alhamdu lillahi, ta wuce. Kawo tsintsiya mu share, mu zauna a nan har gari ya waye. Ai babu inda ya fi nan, ba gini a kanmu, ba itace.”

Ya ce, “Kawu, mu tafi kan tudu yanzu. Teku na iya zuwa.”

Na dubi teku ta taga, ga shi can shiru, har ma na ga kamar ya ja da baya. Na ce masa ƙasa ce ta girgiza, ina ruwan teku? Na ce kuma ba zan bar motar mutane da kayanmu a fili ba, in an sace wa zai biya? In kuwa lalle sai an tafi, to, a tsaya a cire waya, a naɗe, a tattara kaya, a tafi da motar. Na ƙara masa da karin maganar nan da muke rufe bakin yara da ita, wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Yaron nan tun yana goye na san shi, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ko sunana bai taɓa faɗa ba. Ya saɓa 'yar jakarsa, ya buɗe ƙofa, ya kama wuyan hannuna ya ce, “Kawu, ka gafarce ni. Gobe ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama. A ƙasar nan ko 'yan firamare an koya musu, in girgiza ta daɗe, ko ta yi ƙarfin da mutum ba ya iya tsayuwa, wanda ke bakin teku ba ya jiran sanarwa, tudu yake nufa. Wannan ta yi duka biyu. Janyewar ruwan da ka gani kuwa ita ce alamar.” Ya jawo ni waje. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na ga Turawan da ke maƙwabtaka da mu suna fita da 'ya'yansu a kafaɗa, waɗansu ko riga babu, sai na bi.

Da ƙafa muka tafi, ya kuwa yi daidai, don motocin da suka fito sun cushe a hanya, kwalta kuma ta tsattsage, wani wuri ta yi tudu kamar matakala. Muka hau zuwa wani fili a kan tudu kusa da asibitin garin. Kafin mu isa ƙasa ta sake motsi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kowane lokaci sai mu durƙusa mu dafa ƙasa. A can muka tarar da jama'a ɗari bisa ɗari, 'yan gari da baƙi, kowa da harshensa, an lulluɓa da barguna, ga sanyi. Wata tsohuwa ta ga ina rawar ɗari, ta yafa mini rabin bargonta, ba ta tambayi ko daga ina nake ba. Nan muka kwana a zaune, muna jin duwatsu suna gangarowa cikin duhun kwazazzabai.

Yanzu ga inda nake so masu karatu su natsu. Da gari ya waye muka sauka, muka tarar ruwa bai taɓa motarmu ba, ba a kuma ɗauki ko allura ba. Wani zai ce ashe ni ke da gaskiya, yaro ya wahalar da tsoho a banza. Ni ma na so in faɗi haka, har na fara shirya maganar. Amma teku ya zo. Kafin a cika sa'a guda igiyar nan da Japanawa suka sa wa suna tsunami ta bugi gaɓar, tun sanarwa ba ta kai kunnen mutane ba. A wani wuri wai shi Goose Bay, 'yan mil kaɗan kudu da mu, an auna inda ruwa ya hau tudu fiye da ƙafa 20. Abu biyu suka rage mata ƙarfi a wajenmu. Na ɗaya, ta zo sa'ad da teku bai cika ba, gama kun san yana cika yana janyewa sau biyu kowace rana. Na biyu, girgizar da kanta ta ɗaga gaɓar sama. Ba ni da labarin ko ɗaya daga cikin biyun nan sa'ad da nake neman tsintsiya. Da abin ya zo da 'yan sa'o'i gaba ko baya, mota mai ɗaki a bakin ruwa ba ta fi gwangwani ba. Ban yi wa yaron hukunci ba. Ban kuma ba shi haƙuri da baki ba, kun san halinmu, amma daga ran nan in za a yi wani abu nakan ce, “Me ka gani?”

Zancen ɗaga gaɓa da na yi, da idona na gani. Duwatsun da jiya suke ƙarƙashin ruwa, yau ga su a fili, ciyawar teku ta lulluɓe su tana bushewa, katantanwar teku da jatan lande suna maƙale suna mutuwa a rana. Bayan kwana biyu wari ya hana tsayuwa a wurin. Kusa da gari ƙasa ta tashi kamar ƙafa 3, can arewa kuwa akwai inda ta tashi fiye da tsayin mutum biyu.

Ga dalilin abin, Malam, yadda masana suka bayyana shi. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, a tsattsage yake kamar ƙwarya da ta fashe aka ɗinke, kowane ɓangare kuwa yana tafiya a hankali, bai fi yadda farce ke tsiro ba. Niyu Zilan tana zaune daidai kan ɗinkin da ke tsakanin ɓangare biyu, na tekun Fasifik da na Ostireliya. Suna gugar juna, bakinsu ya sarƙe, ƙarfi ya yi ta taruwa shekara da shekaru, ran da dutse ya kasa riƙewa sai ya ɓalle gaba ɗaya. Tamu ta faro ne kusan mil 40 kudu maso yamma da Kaikoura, zurfin mil 9 a ƙarƙashin ƙasa, ta yi ta yagewa arewa maso gabas fiye da mil 100, tsaga tana tayar da tsaga har fiye da 20, abin da ya ba masana kansu mamaki. A wata tsagar mai suna Kekerengu ƙasa ta goce gefe kusan ƙafa 40, shinge ya rabu da ɗan'uwansa, hanya ta rabu da hanya. Inda tsagar ta shiga ƙarƙashin teku ta tura ruwa sama, shi ne mafarin igiyar.

Ƙarfinta a ma'aunin masana 7.8 ne. Kada lissafin nan ya ruɗe ku, ba kamar awon hatsi ba ne. In an ƙara ɗaya a ma'aunin, ƙarfi ya ninku wajen sau 32. Ta Christchurch 6.3 ce, watau tamu ta fi ta ƙarfi fiye da sau 100, amma mutum 2 suka rasu a tamu, ɗaya daga cikinsu wani tsohon gida ne ya rushe a kansa a bayan garin Kaikoura. Bambancin shi ne waccan ta fashe gab da babban birni, kusa da fuskar ƙasa, mutane suna cikin benaye, har bene guda ya ci mutum 115. Tamu kuwa ta bi ta ƙasar makiyaya, inda gidaje na katako ne, jefi-jefi. Galibi ba motsin ƙasa ne ke kashe mutum ba, abin da ya gina a kansa ne.

A nan ne na janye maganata game da kunkuru. Muka tuƙo motar a hankali muka kai ta kan tudu. Wajen azahar aka sake wata girgiza mai ƙarfi fiye da 6, ƙanana kuwa ba su ƙirguwa. Mutanen da ke da gidaje masu tushe sun ƙi kwana a ciki, don bututun hayaƙi na bulo sun faɗo ta rufi, bango ya tsage, kowace girgiza sai wani abu ya ƙara zubowa. Mu kuwa sai dai mu yi lilo mu tsaya. Famfon gari ya fashe, lantarki ya yanke, magudanar ƙazanta ta lalace, waya sai an yi sa'a. Mu muna da tanki cike, wanda na yi wa yaro ba'a a kansa, muna da wuta a batir, muna da murhu. Tsohuwar nan mai bargo da mijinta suka kwana biyu a gadon ƙasa, ni na hau na sama, yaron ya kwana a kujerar direba. Da hadari ya taso da iska da ruwa, mutum bakwai muka cusu a ciki muna shan shayi da kofuna biyun da suka tsira. Ruwa muka riƙa aunawa da kofi, na sha dabam, na wanke hannu dabam.

Amma fa gida mai taya ba ya da 'yanci sai da hanya. Duwatsu sun zubo sun binne babbar hanya da hanyar jirgi, kudu da arewa, wata 'yar hanya ta cikin ƙasa ita ma ta yanke. Garin ya zama tsibiri. Baƙi wajen 1,000 muka maƙale, ga motoci masu ɗaki jere reras, kowace cike da mai, ba inda za ta. Makiyaya suka riƙa zubar da madara don motar ɗauka ba ta iya zuwa. Kuna iya tuna hoton nan da ya zaga duniya, na shanu uku tsaye a kan ɗan tsibirin ciyawa, ƙasa ta zube ta kowane gefe ta bar su. A wannan yankin ne, an kuwa cece su.

Wajibi ne in ambaci Maori na garin, 'yan zuriyar Ngati Kuri daga ƙabilar Ngai Tahu. Suna da wani babban zauren taro mai sassaƙa a kan tudu, sunansa Takahanga. Tun daren farko suka buɗe shi, suka shimfiɗa katifu, suka ɗora tukwane, suka ciyar da duk wanda ya zo, safe da rana da dare, ba a karɓi ko kwabo ba. Jatan landen da aka tara don sayarwa ƙasashen waje, da aka ga ba wutar da za ta riƙe shi, shi aka dafa mana. Abincin da a kwanan lafiya aljihuna bai isa ya taɓa ba, shi na ci a kwanan wahala har na gundura. Wani dattijonsu da muka zauna tare ya gaya mini cewa a tatsuniyar kakanninsu, ƙasa uwa ce, akwai kuma ɗanta mai suna Ruaumoko wanda ba a haifa ba, in ya juya a ciki sai ƙasa ta girgiza. Na ce masa mu kuma muna yara an gaya mana wani sa ne ke ɗauke da duniya a ƙaho, in ya gaji ya sauya. Muka yi dariya, ƙasa ta motsa, muka dafe benci.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne kawai. Gaskiya ne ƙasarmu tana tsakiyar ɓangare, nesa da ɗinki, shi ya sa abin bai dame mu ba. Amma Ankara ta Gana ta sha babbar girgiza a 1939, an kuma ji motsi a Kwoi ta Jihar Kaduna a watan Satumba na 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Masu karatu kuma yanzu suna zuwa ko'ina, karatu da fatauci da aiki. Wanda ya sauka a baƙuwar ƙasa, kafin ya tambayi inda ake sayar da abinci, ya tambayi abin da 'yan ƙasar ke tsoro da abin da suke yi in ya zo.

Tun ran Talata jirage masu saukar ungulu suka fara kwasar mutane, marasa lafiya da masu ƙananan yara a gaba. An yi dace kuma jiragen ruwan yaƙi na Amurka da Kanada da Ostireliya suna ƙasar, sun zo bikin cikar sojan ruwan Niyu Zilan shekara 75, sai aka juyo da su suka kawo taimako. Ran Laraba 16 ga wata babban jirgin sojan ƙasar mai suna Canterbury ya tsaya a nesa da gaɓa, aka riƙa kai mu da ƙananan jirage, mu kusan 450. Cikin dare muka sauka a tashar Lyttelton, kusa da Christchurch.

Motar kuwa a can muka bar ta a kan tudu, tare da ɗaruruwan 'yan'uwanta. Muka juye sauran ruwan tanki cikin jarkokin tsohuwar nan, muka ba ta abin da ya rage a firji, muka rubuta lambar motar a takarda muka ba da mabuɗi inda aka ce a bayar. Sai bayan makonni aka fito da ita ta hanyar cikin ƙasa, ina gida tuni. Babbar hanyar da ta yi arewa daga garin ba a buɗe ta ba sai ran 15 ga Disamba 2017, shekara guda da wata guda bayan girgizar. Kuɗin ajiyar da na tsaya gardama a bakin teku dominsa an mayar mana da shi duka, ba a cire ko na kofuna ba. Butar shayin nan kuwa tawa ce, daga gida na tafi da ita, yaron ya karɓo ta ya kawo mini da ya zo hutu. Tana nan da lotsawarta a gefe, da ita nake dafa shayi har yau.

Wassalam.

Naka,
Matafiyi.